Zagayen Fadamar Nyandungu a Kigali

Daga filin jirgin saman Kigali, tafiya kaɗan ce a mota ta kai ni Nyandungu. Fadama ce mai faɗin hekta 121 da noma da kiwo suka kassara a da. Hukumar muhalli ta Ruwanda, REMA, ta soma gyaranta a 2016, aka buɗe ta ga jama'a a matsayin wurin shaƙatawa a Yulin 2022.

Hanyoyin ƙafa da na keke sun kai kilomita 10. Ban fara da bishiyoyi ba, tafkuna biyar da aka haƙa don tarar ruwa na nufa, domin su ne ƙashin bayan aikin. Ruwan sama na gangarowa daga tuddan birnin ɗauke da laka da shara. In ya shiga tafki sai gudunsa ya ragu, lakar ta kwanta, sannan ya bazu cikin fadamar a hankali. Wanda ya yi dashe kafin ya daidaita ruwa ya yi aikin banza: ambaliyar farko za ta binne dashen, rani ya ƙarasa sauran. Su ma tafkunan sai ana yashe su, in ba haka ba su cike.

An dasa bishiyoyi 17,000 daga nau'i 55, duk na asalin ƙasar. Tsarin dashen ne ya fi ɗaukar hankalina. Inda ruwa ke kwana, ciyayin ruwa ne. Inda ƙasa ke jiƙa ta kuma bushe, ga ɓaure da danginsa. Can tudu kuma itatuwan da ba sa son jiƙa, domin saiwarsu ruɓewa take in ta daɗe a ruwa. Itacen turare, wanda ya cika tuddan Ruwanda, bai dace da irin wannan wuri ba: baƙo ne, ga shan ruwa.

Dashe a farkon damina ake yi, kuma ƙasar na da biyu, ta Maris zuwa Mayu da ta wajen Oktoba zuwa Disamba. Wahalar tana shekaru biyu zuwa uku na farko, lokacin da ciyawa ke rige ƙananan itatuwa tsawo. Sai an yi ta nome gindinsu ana maye waɗanda suka mutu. A bakin wani tafki na tsaya duba launin ruwan, don in ya yi kore shar ko kainuwa ta rufe shi, to ƙazantar gidaje ko takin gona na shigowa daga sama, kuma can ya kamata a tare ta.