Kwana goma da suka cinye mana kuɗin ragon layya biyu

Har yau in na buɗe katin rigakafin yarona na ga layin wata tara, sai raina ya sosu. Ranar da aka rubuta mana mu koma daban, ranar da muka je daban, tsakaninsu sati biyar. Ni na ja waɗannan satuttukan da hannuna.

Mun shirya Umarar azumi, ni da maigida da mahaifiyarsa, Inna, sai yaron da ke goye. Daga Sakkwato za mu gangara Kano ta mota, mu tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda. Fasfo ya fito, biza ta fito. Alluran baya kuwa ban taɓa tsallake ko ɗaya ba: ta haihuwa, ta sati 6, ta sati 10, ta sati 14, duk a kan lokaci, har ina yi wa maƙwabta gori a Mabera. Da ya cika wata tara sai ga mura, ga haƙori yana tsagowa, yana ta ƙiriniya da dare. Inna ta ce, "Ki bar yaron ga shi huce tukuna, ba a haɗa ma jinjiri zafi biyu." Ban musa ba, don abin da zuciyata ke so ke nan. Na ƙara da nawa lissafin: tunda tafiya ta matso, bari a yi masa in mun dawo, kada zazzaɓin allura ya dame shi a hanya.

Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne maganar sanƙarau. A lokacin Saudiyya tana neman takardar allurar sanƙarau mai kare nau'i huɗu ga masu Umara da Hajji, amma daga wanda ya wuce shekara ɗaya. Mu manya mun yi tamu tun da wuri. Da na ji yaron bai shiga wannan sharaɗin ba, sai na ɗauka ba ruwansa da kowace takarda. Ban tambayi kowa ba. Ashe dokar allurar ciwon shawara daban take: duk wanda ya taso daga ƙasar da ake samun cutar, irin Najeriya, in ya wuce wata tara sai da shaidar allura. Yarona yana da wata goma da 'yan kwanaki.

Ranar Laraba da la'asar ejan ɗinmu ya kira maigida, yana haɗa takardun ayari, ya ce ina yalo kati na yaro, wato katin shaidar allurar shawara na matafiya. Jirgi ranar Talata.

Alhamis da sassafe ina bakin asibitin unguwa. Nas ɗin ta duba katin, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Hajiya, ina kika shiga?" Na ce mura ya yi. Ta ce mura da fitar haƙori ba sa hana rigakafi, sai dai zazzaɓi mai zafi ko ciwo mai tsanani, kuma ko shi ɗin a kawo yaro su za su duba su yanke. Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba duk zuwan da nake yi: allurar ƙyanda da ta shawara gari ne a kwalba, ana dama shi da ruwansa, kwalba ɗaya ta yara goma ce, kuma da an dama bayan awa shida zubarwa ake yi. Shi ya sa suka ware rana ɗaya a mako, su a wurinsu Laraba. Jiya ke nan. Na roƙe ta, ta ce ko ta buɗe mini yanzu ba zai fisshe ni ba, domin shaidar allurar shawara ba ta fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Na ƙirga da yatsu a gabanta kamar 'yar firamare. Kwana biyar suka rage.

Juma'a muka samu wani asibitin da ke yi a ranar, aka yi masa ukun a zama ɗaya: ƙyanda, shawara, da sanƙarau ta tsarin yara. A nan ma na so in yi wayo, na ce a yi shawara kaɗai tunda ita ake nema, sauran daga baya. Aka ce mini ta ƙyanda da ta shawara ko dai a yi su rana ɗaya, ko a bar sati huɗu a tsakani. Likitan ya ƙara da cewa shi da zai zaɓa, ƙyandar ta fi ba shi tsoro a irin wannan tafiya. Ƙwayar cutar tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, ga ni zan shiga da yaro ɗakin jira, da jirgi, da Harami cikin azumi, inda mutanen duniya suke kafaɗa da kafaɗa. Ya ce da ma yaron wata shida ko bakwai ne, akwai damar a yi masa ta ƙyanda da wuri saboda tafiya, a sake a wata tara. Allurar shawara ce ba a yi wa yaron da bai kai wata shida ba sam.

Katin awo na asibiti kuma ba shi ne yalo kati ba, wannan ma sai a makon na bambance. Shi sai an yi rajista a intanet an biya, sannan jami'an lafiya na tashoshin shige da fice su ba da shi.

Wani ɗan uwa ya ce ya san mai iya mayar da kwanan wata baya. Ba zan ɓoye ba, na yi shiru ina saurare. Maigida ne ya ce ba zai fara ibada da takardar ƙarya ba, kuma takarda ba ta sa wa yaro garkuwa a jiki. Aka ɗaga tikitinmu da mako ɗaya. Sai ya faɗa goman ƙarshe, lokacin da kujera ke tsada kamar zinariya, ga masaukin da aka riga aka biya. Abin da muka ƙara zai sayi ragon layya biyu masu kyau a kasuwar Achida. Inna ta bi ayari ta tafi, ita da ta ce a bar yaro ya huce. Ban ce komai ba, suruka ce, kuma ni ce mai katin a jaka.

A kwana na takwas da allurar, daren Asabar, jikin yaron ya ɗau zafi. An riga an gaya mini zazzaɓin allurar ƙyanda yakan makara, tsakanin kwana 7 zuwa 12, ba washegari ba kamar na alluran sati shida. Na ba shi farasitamol yadda aka auna mini, na yi ta ba shi nono, ina goga masa tsumma mai ɗumi-ɗumi a tsakar gida saboda an ɗauke wuta. Zuwa Litinin ya warware yana jan mayafina. Ina zaune a tabarmar nan na tuna da mun bi ta bayan fage, wannan daren a Makka zai same mu, a ɗakin mata huɗu, ba likitan da na sani, ba harshen da zan yi bayani da shi. Wannan kaɗai ya rage mini zafin kuɗin, ban ce ya kashe shi ba.

Wata ƙawata a Arkilla tana shirin kai 'yarta mai wata takwas wajen mijinta a ƙasar waje. Na ce ta lissafa watannin da yarinyar za ta kai a ranar sauka, ba a ranar yankar tikiti ba, ta kai katin asibiti wata guda ko fiye kafin tafiya, ta kuma tambayi ranar da suke buɗe kwalba. Ta ce ai yarinyar tana ɗan tari. Na ce ta ɗauko mayafinta, ni zan raka ta.

Allurar ƙyanda ta biyu tana wata 15. Na zagaye ranar da jan biro a kalandar falo, Laraba ce. Maigida ya zo wucewa ya gani, ya zana ɗan rago a gefenta.