Injin yankan ciyawa ya ƙi tashi

Asabar, bayan isha'i, Katsina.

Tun da ruwa ya zauna a farkon Yuli filin ƙwallon makarantarmu ya yi kore shar. Ta gefen katanga ciyawar ta kusa kai gwiwa, kuma shekaranjiya Baba Maigadi ya ce ya ga sawun maciji kusa da famfo. 'Yan firamare ke guje-guje a wurin, wasu ko takalmi ba sa sawa, don haka na ƙudurta yau sai an yanke ta.

Injin namu irin wanda ake hawa ne a tuƙa, kamar ƙaramar tarakta. Rabon da a tayar da shi tun ƙarshen Oktoba, wata takwas da 'yan kai yana kulle a sito, hunturu da bazara duk sun wuce ta kansa. Da hantsi muka turo shi waje ni da Baba, na kakkaɓe ƙura, na hau, na murɗa makulli. Shiru, ko ƙyas.

Na fara da abin da na sani. Irin wannan inji ba ya yarda ya tashi sai an taka birki an kuma saki hannun da ke juya wuƙaƙen, an yi shi haka ne don kada ya sare ƙafar wani. Na gyara duka, na zauna sosai, na sake murɗawa, sai na ji wani ɗan "ƙas" sau ɗaya daga ƙarƙashin kujera. Batir ke nan. Da na duba, kawunansa sun yi farin gari kamar an barbaɗa gishiri. Baba ya jiƙo kanwa a ruwan ɗumi muka wanke, na goge da samfefa. Mitar awon wuta ta nuna volt 11 da ɗoriya, alhali batir mai lafiya idan ya cika 12.6 yake nunawa. Zafin Maris da Afrilu a garin nan, da yake haura digiri 40, shi kaɗai ya isa ya tsotse batirin da aka bari a zaune. Na jawo motata muka haɗa waya, motar a kashe. Sitata ta juya, injin ya yi ta gurnani, amma ya ƙi kamawa.

A nan ne na buɗe tanki na sunsuna, gabana ya faɗi. Man ba ƙamshin fetur yake ba, warin tsohon fenti yake, launinsa kamar shayin da ya kwana. Ni ne na ajiye injin da rabin tanki, na tuna ranar sarai, ina sauri in kama sallar magariba na ce gobe zan juye. Abin ya dame ni ƙwarai, domin kayan amana ne, da kuɗin iyayen yara aka saye shi.

Bayan azahar na ɗauko mai gyara mana janareto daga wajen Ƙofar Ƙaura. Yaro ne mai natsuwa. Ya kwance fulogi ya jingina shi da ƙarfen injin, ya ce, "Malam, murɗa mu gani." Wuta ta bayar shuɗiya, ya ce to ba nan ba ne. Ya buɗe gidan matatar iska, sai ga ƙurar hunturu dam, ga gidan zanzaro har biyu manne a maƙogwaron. Baba ya riƙe baki yana salati.

Ainihin cutar tana cikin kafireto, inda mai ke gauraya da iska. Da ya kwance ɗan kofin da ke ƙasa, wani danƙo ne ja-ja kwance a ciki kamar ƙaro. Ya nuna mini jet ɗin, ɗan ƙarfen da mai ke bi ta cikinsa, ramin bai fi kan allura ba, ya toshe ruf. Ya ce fetur idan ya daɗe, mai sauƙin cikinsa ya bi iska, abin da ya rage ya daskare. Ya zare silin waya guda ɗaya ya riƙa zurawa a hankali, ya ƙi sa allura don kada ramin ya ƙara faɗi injin ya koma shan mai. Wannan kulawar tasa ta burge ni fiye da gyaran. Muka juye tsohon man, kusan lita huɗu, a wannan zamani da tun cire tallafi a 2023 kowace lita sai an yi lissafi. Na bar masa ya riƙa wanke kayan aiki da shi. Ya sa sabuwar filta, ya duba baƙin mai, muka ba tayar baya iska.

Ana kiran la'asar ya ja cok, na murɗa. Ya yi tari biyu, ya tofar da hayaƙi, ya kama. Baba ya ce, "Alhamdulillahi, ɗana, na ajiye laujena ke nan."

Bayan salla na fara da gefen katanga da wajen famfo, na ɗaga wuƙaƙen sama don ciyawar ta yi tsawo. Ban kai rabi ba hadari ya taso daga gabas, na mayar da shi sito. Batirin yana wurin mai caji, sai gobe za a san ko zai riƙe ko sai an sayi sabo. Sauran filin kuma sai ciyawa ta sha iska, jiƙaƙƙiya cushe wuƙaƙe take yi.