Da Hajiya da Yara a Dajin Masai Mara

A watan Agusta muka tafi Kenya, ni da uwargida da yara da kuma Hajiya mahaifiyata, wadda ta daɗe tana cewa tana so ta ga giwa da idonta tun ƙafa na iya ɗaukarta. Masai Mara muka nufa, gandun dajin da ke yankin Narok a kudu maso yammacin ƙasar, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,500, wanda ya haɗe da dajin Serengeti na Tanzaniya. Mun zaɓi lokacin ne saboda daga Yuli zuwa Oktoba dabbobin da mutanen can ke kira nyumbu, masu ƙaho da gemu, sama da miliyan ɗaya suke ƙetarowa daga Serengeti tare da jakunan dawa suna bin ɗanyar ciyawa.

Shirin gida bai da wuya. Kowa ya riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara, kuma uwargida ta fitar da duk wata leda daga akwatuna, domin Kenya ta hana amfani da ita tun 2017. Daga Nairobi tafiyar mota kusan awa shida ce: a gangara babban kwarin nan da ya tsaga gabashin Afirka, a wuce garin Mai Mahiu, a tsaya Narok a ci abinci. Akwai ƙaramin jirgi daga filin Wilson da ba ya cika awa ɗaya, amma kaya kilo 15 kawai ake yarje wa mutum, ga kuma tsada.

Shawarar da ta fi yi mana amfani ita ce ɗaukar motarmu mu kaɗai da direba, maimakon a haɗa mu da wasu baƙi. Kuɗin ya ƙaru, ga kuɗin shiga dajin da ya kai dala 200 ga kowane babba a wannan lokaci na shekara, amma da tsohuwa da ƙananan yara ban ga wata hanya ba. Baƙon da ya zo da babbar kyamara yana iya yin rabin yini a ƙarƙashin bishiya yana jiran damisa ta sauko. Yaro ɗan shekara biyar ba zai iya ba, gwiwar Hajiya ma haka. Da yake motar tamu ce, in an gaji sai mu juya, ba wanda muka ɓata wa rai.

Bayan sallar asuba ake fita, kuma sanyin wurin ba na wasa ba ne, domin dajin a kan tudu yake. Rigunan sanyi da bargo sun yi mana rana. A irin wannan safiya muka tarar da giwaye a gefen hanya, direba ya kashe mota. Wata babba ta matso har muna jin numfashinta. Ta naɗe ciyawa da hancinta ta tumɓuke, ta kakkaɓe ƙasar saiwar a jikin ƙafarta, sannan ta kai baki. Ɗanta kuwa yana ta ƙoƙarin yin haka, hancin na kuɓuce masa. Hajiya ta riƙe hannun autanmu tana ta tasbihi ƙasa-ƙasa, can ta ce da ni, "Kai, Allah ya yi maka albarka." Wannan addu'ar ta biya ni kuɗin tafiyar.

Abin da ya ɓata min rai a bakin kogin Mara ya faru. Nyumbun sukan taru a gaɓa su yi ta kai-kawo, wani lokaci awanni, kafin ɗaya ta yi ƙarfin halin faɗawa ruwa saura su bi. Ranar da muka je motoci sun yi dafifi, kowa na son wuri mai kyau na ɗaukar hoto. Da garken ya fara gangarawa sai wasu direbobi suka danno da gudu suka tare hanya, dabbobin suka firgita suka koma. Hajiya ta ce, "To ku bar bayin Allah su wuce mana!" Direbanmu ya tsaya nesa bai shiga turmutsutsun ba, kuma na yaba masa. Waɗannan dabbobi abincinsu suke nema a ƙetare, bai kamata kuɗin da muka biya ya zama dalilin tsare musu hanya ba.

Daga baya sun ƙetare, ƙura ta turnuƙe, kukansu ya cika wurin. Amma akwai kadoji a ruwan, akwai mushen waɗanda aka tattake, ga ungulaye, ga wari. Autanmu ya ga kada ya ja wata ƙarama ƙarƙashin ruwa, ya fashe da kuka ya ce, "Baba, a cece ta!" Sai da uwarsa ta daɗe tana rarrashinsa. Duk mai zuwa da yaro ya gaya masa tun a gida cewa a daji dabba na cin dabba, kuma ba mai shiga tsakani.

Batun salla ma sai da shiri, domin ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe. Mukan ɗauki ruwan alwala da darduma, mu haɗa azahar da la'asar mu yi ƙasaru tunda matafiya ne. Abinci kuwa, tun kafin mu iso muka sanar da masaukin cewa naman halal muke ci, inda muka yi shakka muka koma kifi da wake da shinkafa.

Bayan ranar kogin muka raba yini gida biyu: fita da sassafe, a dawo kafin rana ta take a yi barci, a sake fita da la'asar. Zakuna ma da tsakar rana barci suke yi a inuwa, da yamma muka same su sun miƙe suna shirin farauta.