Wuyana ya ƙage, na je tausa wurin Goggo

Asabar, bayan isha'i.

Yau da wuya a ƙage na tashi, ko waiwaye ba na iyawa sai na juya jiki gaba ɗaya. Sati 3 ke nan ina kan keken ɗinki saboda kayan biki, kai a sunkuye tun safe har magariba, ga sanyin hunturu. Man zafi na shafa, magani na sha, duk a banza. Da hantsi na rufe shago a Kasuwar Barci na nufi Unguwar Mu'azu wurin Goggo, tsohuwar ungozomar da ta yi mini wankan jego.

Ta shimfiɗa tabarma, ta narka man kaɗanya a tafin hannunta, ta ce, "Ina ke miki ciwo, 'yar nan?" Na ce ko'ina. Ta ce, "Nuna mini da yatsa ɗaya." Wallahi na kasa. Jikina ne, amma ban san inda ciwon yake zaune ba.

Sai ta fara bi da babban yatsa a hankali, tana cewa in lura. Tsakanin wuya da kafaɗar dama ta taɓo wani ƙulli kamar ƙwallon dabino, nan take na ji zafin ya haura bayan kunne har gefen goshi. Ashe ciwon kan da nake ɗora wa rana daga nan yake tasowa. Ta ce in sauke kafaɗa. Na ce ai a sauke take. Ta ce in ja numfashi in sake shi a hankali, sai ga kafaɗar ta zube ƙasa da kanta. A lokacin na gane na riƙe numfashi, haƙorana kuma a cije.

Da ta ƙara dannawa na yi shiru ina daurewa, yadda aka koya mana tun muna yara. Ta tsaya cak. "Hannuna taurin nama yake ji, ba ya jin zafinki. In kin yi mini kunya, zan ji miki ciwo." Wannan magana ta zauna mini. Akwai zafin da ke tafe da sauƙi, jiki yana sakewa a ƙarƙashinsa, akwai kuma mai tsira kamar allura, wanda dole a ce a dakata. Mai kwance kaɗai ke iya bambance su. Ta kuma tambaye ni ko yatsuna suna mutuwa, ko ina jin kamar lantarki yana sauka a hannu. Ta ce in da haka ne, asibiti za ta tura ni.

A hanyar dawowa na kira ƙanwata, ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce kan babban mutum ya kai kusan kilo 5, nauyin ledar fiya wata 10 ke nan, a kan ƙasusuwan wuya 7, kuma sunkuyo yana ƙara wa naman wuya aiki. Ta ja mini kunne kada in taɓa bari a tausa mini ƙwauri in ya kumbura yana zafi, don gudan jini na iya ɓallewa ya tafi huhu.

Da la'asar na koma kan keke. Ina zura zare a allura na kama kafaɗar dama tana hawa kunne, na sauke ta. Kafin magariba na kama ta sau 6. Na lura kuma tebur ɗin ya yi mini ƙasa. Gobe in Allah ya kai mu zan kira kafinta ya sa masa katako a ƙafafu.