Talata a ɗakin jinyar makaranta, ana tsakiyar mura

Hazo ya sauko sosai yau, har ƙarfe tara rana ba ta fito da kyau ba. Kafin a tashi daga asambuli iyaye sun cika barandar ofishin hedimasta, yawancinsu mata, wasu da goyo. 'Yan aji biyu da aji uku na firamare abin ya fi kamawa, benci da dama babu kowa a kai. Magana biyu ce a bakin kowa: ko dai a rufe makaranta, ko a kawo masu allura su yi wa yara.

Abin da ke yawo ba murar da muka saba ba ce, wadda yaro zai yini yana jan majina amma yana wasansa. Wannan farat ɗaya take kamawa. Yaro ya koma gida da azahar lafiya ƙalau, da magariba jiki ya yi rau, ma'auni ya nuna 39, ga ciwon kai, ga ciwon gaɓoɓi, ga busasshen tari, ya kwanta ko abinci ba ya so. Wasu ƙananan har da amai da gudawa. Kamannin infuluwenza ke nan. Tabbatarwa sai an lakato majina daga can cikin hanci an kai ɗakin gwaji, irin aikin sa ido da hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, ke yi ta wasu manyan asibitoci, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Amma ko babu gwaji, yadda take bin aji benci-benci ya isa a ɗauki mataki.

Wata uwa ta tare ni a bakin ƙofa. "Sista, sanyin nan ne ko? Wallahi na hana shi wankan safe, rigar sanyi biyu nake sa masa." Na ce mata, Hajiya, sanyi ba ya haifar da ita, ƙwayar cuta ce ake ɗauka daga wani. Abin da hunturu ke yi shi ne ya sa mu rufe tagogi mu cunkushe a ɗaki ɗaya, ya busar da hanci da maƙogwaro, ita kuma ƙwayar ta fi daɗewa a busasshiyar iska. Rigar sanyi ba laifi, amma ba ita ce kariya ba.

Wajen sha ɗaya da rabi aka fara shigo mini da yaran, ɗaya bayan ɗaya, ido ja, jiki zafi. Duk wanda na tambaya abin da aka ba shi da safe, amsar kusan ɗaya ce. Wata 'yar aji uku ta ce, "Umma ta ba ni magani, ta ce in zo in yi gwajin lissafi in ya so in koma." Nan gizo ke saƙar. Farasitamol yana danne zazzaɓi na awa huɗu zuwa shida. An ba yaro ƙarfe bakwai, jiki ya yi sanyi, uwa ta ga kamar ya warware, aka cusa shi a adaidaita tare da yaran unguwa. Kafin maganin ya sake shi ya yi awa huɗu yana tari a benci na mutum biyar. Maganin bai taɓa ƙwayar cutar ba ko kaɗan. Mai infuluwenza yana fara yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin alamu su fito, ya ci gaba har kwana biyar zuwa bakwai, ƙananan yara ma sukan wuce haka, kuma kwana ukun farko su ne mafi tsanani. Wanda ya ɗauka yau, bayan kwana ɗaya zuwa huɗu zai kwanta, galibi kwana biyu. Wato yaron da aka lallaɓo ranar Litinin, na kusa da shi za mu nema mu rasa ranar Laraba.

Ban ga laifin iyayen sosai ba. Sun biya kuɗin makaranta, an ce akwai gwaji, wasu kuma ba su da wanda za su bar wa yaro a gida. Shi ya sa abin da na fi matsa wa hedimasta a kai yau shi ne a ɗage duk wani gwaji, a kuma faɗa wa iyaye a fili cewa babu yaron da zai rasa maki don ya kwanta jinya. Ya amince. Ƙa'idar dawowa kuwa guda ce: sai yaro ya yi awa 24 cur babu zazzaɓi, kuma ba tare da an ba shi maganin zazzaɓi a cikin awannin ba. Tari yana iya kai mako biyu bai bari ba, wannan ba ya hana dawowa idan jiki ya yi ƙarfi. Ƙa'idar ta haɗa da Islamiyya. Sau da yawa za a hana yaro zuwa boko da safe, la'asar na yi a ce ya ɗauki jakarsa ya tafi hadda, inda zai zauna gwiwa da gwiwa da yaran makarantu daban-daban. Ta nan take tsallakawa daga wannan makaranta zuwa waccan.

Batun rufewa an daɗe ana ja. Ana yin haka a wasu wurare: Meziko ta rufe makarantunta a ƙarshen Afrilun 2009 da murar H1N1 ta ɓarke, Hong Kong ma ta sallami 'yan nazare da firamare hutu da wuri a Fabrairun 2018. Yana rage yaɗuwa, amma fa idan yaran sun zauna a gida. A nan in ka rufe, ka mayar da su layi ne da gidan maƙwabta da gidan biki. Ra'ayina shi ne a fara da tsare marasa lafiya a gida. Idan aji ɗaya ya kai malami na koyar da bango, a sallami wannan ajin na kwana biyar zuwa mako guda, sauran su ci gaba.

Bayan azahar na zauna da iyayen da suka tsaya, muka bi magunguna ɗaya bayan ɗaya, don a nan aka fi yin ɓarna. Farasitamol da nauyi ake auna shi, ba da shekaru ba: miligiram 15 ga kowane kilo, duk bayan awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Na ruwa da aka fi samu a kemis miligiram 120 ne a cikin mil 5. Yaro mai kilo 16 zai sha mil 10, mai kilo 20 mil 12 da rabi. Mai kilo 25 kashi uku cikin huɗu na ƙwaya mai miligiram 500, sai ya haura kilo 33 zai sha ƙwaya ɗaya cikakkiya. A duba kwalba kullum, domin akwai mai ƙarfi ninki biyu. A yi amfani da murfin awo ko sirinji marar allura, cokalin gida ba shi da tabbas. Kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko a ba ɗan shekara bakwai mil 5 kamar jariri, zazzaɓi ya ƙi sauka, a ce maganin jabu ne. Na biyu ya fi haɗari: a ba shi farasitamol, a ƙara masa da haɗin maganin mura wanda shi ma akwai farasitamol a ciki, ya sha ninki ba a sani ba, hanta ce ke ɗaukar wahalar.

Asfirin kuwa kada a kusanto da shi ga duk wanda bai kai shekara 16 ba. Idan ya haɗu da infuluwenza yana iya jawo ciwon Reye, mai kumbura hanta da ƙwaƙwalwa. Wasu garin maganin ciwon kai na cikin 'yar takarda da ake sayarwa a kanti asfirin ne a ciki. Maganin tari na kwalba ba a ba ɗan ƙasa da shekara shida, mai kodin ma gwamnatin Najeriya ta haramta shi tun 2018. Cokalin shayi ɗaya na zuma kafin barci ya fi su amfani, amma ban da jaririn da bai cika shekara ba.

Wani uba ya zaro kwalbar amoksisilin daga aljihu, ya ce mai kemis ne ya haɗa masa da maganin maleriya. Na ce, Alhaji, wannan na bakteriya ne, infuluwenza kuwa bairos ce, ba abin da zai yi mata. Ana ajiye shi ne sai likita ya ga ciwon ya sauka huhu ko kunne. Maleriya kuma ba a cinta da ka. Ɗigon jini ɗaya a ɗan katin gwaji, minti 15 zuwa 20 an san gaskiya, kuma ya kamata a yi wa duk yaro mai zazzaɓi, don ana iya samun biyun tare. Akwai maganin infuluwenza na ainihi, oseltamivir, wanda aka fi sani da Tamiflu, sau biyu a rana na kwana biyar, amma amfaninsa ya fi yawa idan an fara cikin awa 48 na farko, kuma likita ne ke rubuta shi, galibi ga masu rauni. Allurar rigakafinta ba ta cikin jerin na yara da ake yi kyauta a Najeriya, duk shekara ake sabunta ta, kuma sai ta yi kamar mako biyu a jiki kafin ta fara kariya. Wanda ya riga ya kwanta ba za ta tashe shi ba.

Abin da na fi so su tafi da shi gida shi ne ƙirga numfashi, sai na gwada musu a kan wani yaro da ke kwance. A ɗage riga, a bari ya natsu, ba yana kuka ba, a kalli agogon waya minti ɗaya cikakke ana ƙirga tashin ƙirji. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Ɗan firamare kuma idan ya haura 30 yana kwance, a kai shi a duba. A kuma lura da ƙasan haƙarƙari: idan yana lotsawa ciki lokacin da yaro ke jan numfashi, nimoniya ce, wato ciwon huhu, har sai likita ya ce ba ita ba. Wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Haka yaron da ya kasa shan komai, ko duk abin da ya sha sai ya dawo, ko ya yi jijjiga, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashinsa da kyau, ko leɓe ya sauya launi, ko ya yi awa takwas bai yi fitsari ba.

Da na ambaci maƙogwaro sai wuri ya yi tsit, don mutanen Kano ba su manta da mashaƙon 2023 ba. Bambancin yana da sauƙin gani idan an haska da tocilan: mashaƙo yana shimfiɗa wata fata mai ruwan toka a maƙogwaro, wuya ya kumbura, haɗiya ta gagara, zazzaɓinsa kuma sau da yawa bai kai na infuluwenza zafi ba. Wuyan da ya sanƙare ya ƙi sunkuyawa, a yi tunanin sanƙarau. Ƙuraje da suka faro daga bayan kunne da fuska tare da jan ido, ƙyanda. Duk ukun asibiti ne kai tsaye. Na roƙe su kada a kai yaro mai ciwon maƙogwaro wurin wanzami a ce beli ne, yanka a kan kumburi jini ne da ƙarin ciwo. Kowa kuma ya duba katin rigakafin 'ya'yansa ya ga ko an cika allurar Penta uku, mai kare yaro daga mashaƙo, ta mako 6 da 10 da 14 bayan haihuwa.

Yawancin yaran nan za su warke cikin mako guda da hutu da ruwa. A yi ta ba su kunu, koko, romo, lemo, mai shan nono a ƙara masa. Mai amai ko gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: fakiti ɗaya a lita ɗaya, wato ruwan leda biyu, a zubar da ragowar bayan awa 24. Waɗanda ba a jira da su su ne masu sikila, masu asma, masu ciwon zuciya, masu tamowa, da 'yan ƙasa da shekara biyu. Mai sikila da zafin jikinsa ya kai 38.5, ranar zai ga likita ko da yana dariya. Kuma ɗan makaranta gida yake kai murar, inda akwai jariri, da mai juna biyu, da kaka mai ciwon sukari. A raba masa shimfiɗa da kofi. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana ƙara tari, yana kuma iya kashe mutum cikin barci, a bar taga a ɗan buɗe.

Kafin a tashi muka zaga azuzuwa da mai shara. Moɗar da ke kan randar baranda, wadda yaro ɗari ke kafa wa baki, an ɗauke ta, gobe kowa ya zo da gorarsa. An ajiye bokiti mai famfo da sabulu a ƙofar kowane aji, wanki na daƙiƙa 20 kafin tara da bayanta. Tagogi a buɗe ɓangare biyu ko da ƙura, gara a share ƙura. Ƙwayar tana iya kwana ɗaya zuwa biyu a kan tebur da mariƙin ƙofa, don haka za a riƙa goge su bayan tashi: bilic mai ƙarfin kashi 3.5, cokalin cin abinci biyu a lita ɗaya ta ruwa, a haɗa sabo kullum, kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki.

Bayan isha'i wata uwa ta kira. Ɗanta ya kwanta tun makon jiya, ya samu sauƙi har ya yi kwana biyu yana cin tuwo, yau zazzaɓi ya dawo fiye da na farko, tarin kuma ya koma mai kaki. Na sa ta ƙirga numfashinsa muna kan waya, ta samu 44, shekararsa shida. Zazzaɓin da ya tafi ya dawo haka yawanci bakteriya ce ta bi bayan mura ta shiga huhu, a nan ne amoksisilin ɗin da ake ta sha ba dalili yake da aiki, amma sai an duba shi an auna iskar jininsa. Na ce ta tashi babansa su tafi asibiti yanzu, su ɗauki duk kwalaben da aka ba shi a nuna wa likita.