Wuni guda a kan kalma uku

Talata, da dare.

Aikin yau fosta ce mai girman A2, milimita 420 a 594, kanunta kalma uku da manyan baƙaƙe, farin rubutu a kan baƙi. Haruffa masu ƙafar bulo aka nema, wato silab serif, waɗanda kaurin dunduniyarsu ya kusa kai na jikin harafin. Dama don talla aka ƙera su. Maƙerin haruffa Vincent Figgins ya fito da nasa a Landan wajen 1815, lokacin da masu buga takardun manna a bango ke neman harafin da za a hango daga nesa.

Da safe na jera iri biyu. Clarendon na Robert Besley, na 1845, yana da ɗan lanƙwasa inda ƙafa ta haɗu da jiki, kuma wasu layukansa sun fi wasu siranta. Rockwell, wanda kamfanin Monotype ya fitar a 1934, kusurwarsa tsaye take cak, kaurinsa kusan ɗaya ko'ina. Clarendon ya fi kyau a idona, amma Rockwell na ɗauka, domin idan rubutu fari ne baƙar tawada tana ɗan malalowa ta ci gefen siraran layuka.

Tazara ce ta cinye wunin. Ƙafafun nan faɗi gare su, don haka inda R ko K ya zo gaban A sai dunduniyoyi su manne, a ga wani dogon katako a ƙasan kalma. Inda L ya haɗu da T kuwa, rami ne a tsakani. Na fara buɗa tazarar haruffan layin gaba ɗaya da maki 30 a manhaja, sannan na bi haruffan bibbiyu da hannu. Kuskuren da aka fi yi shi ne matse dukan layin don a rufe ramin LT, sai sauran su cakuɗe. Dabarar da ba ta ba ni kunya: a juya takardar gwaji kai ƙasa. Ido zai daina karantawa, ya koma ganin gibi kawai.

Tsakanin layuka na sa daidai da girman harafin. Manyan baƙaƙe ba su da jela, ba sa buƙatar fili.

Kada a danna maɓallin B don ƙara kauri idan salon harafin ba shi da mai kaurin kansa. Manhaja za ta kumbura harafin ne kawai, cikin A da R ya toshe. Haka kuma a duba Ɓ, Ɗ da Ƙ tun kafin a fara, domin salon talla da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta aro siririn harafi daga wani wuri ta cusa a tsakiyar kalma.

Tsayin haruffan kanun santimita 7 ne. Lissafin masu allon talla shi ne santimita 2.5 ga kowace mita 3, ke nan za a karanta shi sosai daga mita 8. Ƙananan bayanai na ba su harafi marar ƙafa, don ƙafar bulo mai kauri tana dunƙulewa idan ta yi ƙanƙanta.

Da la'asar na mayar da kanun zane don kada salon ya canza a wurin bugu, na bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Gobe gwajin farko zai fito, ramin LT zan fara dubawa.