Talata: tsohuwar CG125 mai mutuwa in ta ɗau zafi

Da misalin ƙarfe tara na safe wani dattijo daga Unguwar Sanusi a Kaduna ya turo mashin Honda CG125 zuwa gareji, irin ta farko mai kwantak (bakin ƙarfe mai buɗewa da rufewa don ba fulogi wuta a kan lokaci) da wuta bolt 6. Honda ta fara wannan samfuri a 1975, kuma wannan da gani ba ta yi nisa da shekarun farko ba. Ƙorafinsa ɗaya ne: da safe kik guda take tashi, sai an yi tafiyar minti goma sha biyar ta fara shaƙewa, ta mutu, ba ta sake tashi sai ta huce. An wanke mata kafireta sau biyu a wani wuri, an sa sabon fulogi, ba abin da ya canja.

Na ce, "Baba, ku bar mana ita zuwa la'asar, wannan ciwon sai da zafi ake ganinsa." A sanyaye duk gwajin da za a yi mata lafiya lau zai nuna. Minti biyu ko uku na farko bayan ta mutu su ne lokacin aiki, don haka muka jera sifanar fulogi, sukudireba, mita da jiƙaƙƙen tsumma a kan benci kafin a tayar da ita. Yaro ya zagaya da ita cikin Tudun Wada, ya dawo muka bar ta a silo. Minti goma sha takwas ta yi, ta yi tari sau biyu, ta ɗauke.

Murfin tanki na fara buɗewa, kunne a kusa. Akwai ɗan ƙaramin rami a murfin da iska ke shiga ta cike gurbin man da ya sauka. In ƙura ta toshe shi, man ya daina gangarowa, kuma da an buɗe za a ji ya ja iska. Shiru. Na kwance sukurun da ke ƙasan kofin kafireta, mai ya zubo sosai kuma bai yanke ba. Ta ɓangaren mai an wuce ke nan. Yadda ta mutu ma ya nuna haka: mai ƙarancin fetur a hankali take sanyi, ana murɗa totur tana nishi, wannan kuwa kamar an kashe makulli.

Sai wuta. Na zare fulogi, na ɗora shi a jikin inji, yaro ya buga kik. Akwai tartsatsi, amma ja-ja, siriri, wani bugun ma babu. Nan mutane da yawa ke ruɗuwa su ce ai akwai wuta. Tartsatsin da ya tsallake ratar fulogi ta milimita 0.7 a fili yana iya kasawa a cikin silinda, domin matsin iska yana ƙara wa wutar wahalar tsallakewa. Gwajin gaskiya shi ne a cire hular fulogi, a riƙe wayar da filaya mai roba kamar milimita 6 daga jikin inji: lafiyayyar wuta za ta tsallake, shuɗiya, da ƙara. Tamu ko motsi. Ita hular na auna ta daban, wajen ohm 5,000, daidai.

Saura kwayil, mai ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi, da kondensa, mai kare bakin kwantak daga ƙonewa, duka biyun kuma zafi yana tona musu asiri. Kondensa in ta mutu, bakin kwantak yakan ci wuta ya yi ramuka; da na leƙa ta tagar fulawil, bakin sumul yake, rata tsakanin milimita 0.3 da 0.4. Kwayil ɗin da ke ƙarƙashin tanki kuwa na sa masa mita da zafinsa, daga wayar fulogi zuwa jikin ƙarfe, allura ba ta motsa ba. Na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma minti biyar, na sake aunawa, ya nuna dubban ohm, kik ɗaya ta tashi. Wayar da aka naɗa a ciki ta fi gashi siranta. In ta tsinke, bakunan suna taɓa juna a sanyi, zafi ya zo ya buɗa su.

Samun madadin ne ya ci rana. Yawancin abin da ke shaguna yanzu kwayil ɗin CDI ne na mashinan zamani, masu akwatin lantarki a maimakon kwantak, kamanninsu ɗaya amma ba zai yi aiki daidai da kwantak ba. Sai a kasuwar Panteka aka samo na asali daga wata da aka farke, muka auna shi a sanyi, muka gasa shi a jikin salansa muka sake aunawa kafin a biya.

Bayan an ɗaura, yaro ya kai ta har Kawo ya dawo, ya ce, "Oga, ko tari ba ta yi ba." Mun ƙara barin ta a silo minti ashirin.

Ban ba dattijon ita yau ba. Saman injin, inda bawul suke, ya yi shiru fiye da kima, alamar bawul sun matse, kuma matsattsen bawul shi ma yana zubar da matsi in ya ɗau zafi. Saitinsa sai inji ya kwana ya huce. Gobe da safe za a juya fulawil zuwa alamar T a bugun matsi, a sa ratar milimita 0.08 a bawul duka biyun.